Muryar Baba a Cikin Wayata

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Sun karɓe min waya. Yau kwana biyu. Shi ya sa na ɗauko wannan tsohon littafin aikin Islamiyya, tunda hannuna ya saba riƙe wani abu bayan la'asar, ga shi ba abin karantawa.

A nan zan rubuta sunan mijina yadda yake, Mudassir. Littafina ne, ba mai ji.

Abin da suke so a cikin wayar karatun Baba ne, mahaifinsa. Shekara ɗaya da wata huɗu ina ajiye ta a gefen buzunsa duk hantsi idan ya zauna koyar da matan unguwa a tsakar gida. Ba wanda ya sa ni. Na fara ne don in riƙa maimaitawa ina girki, saboda kaina ba ya riƙe abu in ba labari ba ne. Zama ɗari biyu da goma sha huɗu. 'Ya'yansa maza, mai rawani da mai takardar jami'a, shekara talatin suna jin sa ba wanda ya taɓa danna komai. Tun ranar Talatar nan kuwa, da ɓarin jikin Baba ya shanye magana ta ɗauke, kowa ya tuna muryar uba abu ce mai daraja.

Wani tsohon ɗalibin Baba ya aiko da baƙar na'urar ajiya daga Kano, kamar bulo take, wai a haɗa ta da rautar gida, mai ƙahonni biyun nan da ke ba mu waifai, a tura komai ciki, kowa ya riƙa saurara daga wayarsa. Mudassir ya ce aikin awa ɗaya ne. An fara shekaranjiya. Ɗazu da na leƙa, fuskar wayar tana cewa saura kwana goma sha tara.

Wayar ba ta da kwana goma sha tara. Batirin ya kumbura, bayanta ya fara ɗagowa.

Alhamis, 7 ga Agusta, hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi wayar ta ƙare a kan kanta a ɗakinmu, na'urar kuma tana can ɗakin littattafan Baba kusa da zaure, bango biyu tsakani.

Yaya Abdulƙadir ne, wan Mudassir, wanda ya hau buzun Baba tun kafin a ce ya hau. Ranar da na miƙa wayar ya tsaya a ƙofar ɗaki yana latsawa da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa abin da ya mutu. Ya faɗa wajen da nake tara littattafaina.

"Wannan fa, Mudassir?"

"Littattafan Hausa ne, Yaya. Na mata."

"Na ga sunayensu ai. Ɗari uku da nawa? To ka ji ni. Wannan wayar ba za ta shiga ɗakin da Alƙur'anin Baba na hannu yake ba. A tura daga waje. Ba ka ce ta iska yake tafiya ba?"

Ina bayan labule. Ina jin su. Mudassir ya ce to. Kullum yana cewa to. A littafi namiji yakan ɗaga kai a hankali ya ce, matata ce. Nawa gyara hula ya yi.

Wayar da ta ɗauki karatun shekara guda ba ta ƙazantu ba sai ranar da za a sauke.

Juma'a, 8 ga Agusta, azahar

Zama bakwai sun shiga. Na takwas ya kai rabi ya katse, ya koma farko.

Asabar, 9 ga Agusta, yamma

An kawo masani. Kamilu mai gyaran waya na Ɗanbatta, ɗan ƙanwar Inna, mahaifiyar Mudassir, ya zo a babur da jaka a baya da baƙin gilashi, ga hadari ya rufe gari. Ya shigo ya gaida Inna, ya leƙa Baba bai daɗe ba, ya fito yana goge ido. Wannan kam na yaba masa.

Sauran kuwa. Ya soka kebul, ya ce bakin cajin ya lalace, wuta kawai yake karɓa. Wata shida ina jingina kebul ɗin da kwalbar man shafawa, da ya tambaye ni. Ya ce bari ya juye a kwamfutarsa ta shago. Yaya ya ce, "Wadda kake zuba wa 'yan acaɓa waƙoƙi da fina-finai? Karatun Baba?" Shi ke nan. Wayar Mudassir a cike take, ta Yaya kuma mai tocila ce.

"Ina rautar take, Yaya?"

"Tana ciki. An adana ta wuri mai kyau."

"To madalla. A kashe a kunna."

Yaya ya shiga shi kaɗai, ya kashe ya kunna, ya fito ya kulle. Kamilu bai nemi ya ga abin da ya zo gyarawa ba. Ya zauna a zaure ya ci dambun da na yi, ya ce netwok ɗin gidan nan "yana da ishu". Mil goma ya yi a babur don ya faɗa mana wannan.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Na bar wata yarinya a filin jirgi da jaka ɗaya, babi na arba'in da ɗaya. Likitan yana hanya, motarsa ta tsaya a go-sulo. Kwana shida ke nan tana tsaye. Ban san ko ya iso ba.

Na san ba wannan ne abin damuwa a gidan nan ba. Na sani.

Litinin, 11 ga Agusta, hantsi

Lokacin karatu ne yanzu. Tsakar gida ba kowa sai kaji. Na share wurin buzun duk da haka.

Na kai wa Inna kunun Baba. Tana ba shi a cokali, tana goge gefe ɗaya. Ya bi ni da ido har na durƙusa, sannan ya dubi hannuna, inda wayar take zama. Na ce, "Ana kan turawa, Baba. An kusa." Allah ya yafe min. Goma sha ɗaya.

Laraba, 13 ga Agusta, azahar

Kamilu ya dawo da sabon ilimi. Maƙwabta ne ke satar waifai.

Yaya ya gyara zama. Dama ya daɗe yana neman laifin maƙwabcinmu Mati tun rigimar iyakar gonar gyaɗa. Ya yafa rawani ya tsallaka kwararo har ƙofar gidan mutum. Ina jin su ta katanga.

"Malam Mati, akwai abin da ke fita daga gidanmu yana shiga naka."

"Kazar nan ce? Ai na koro ta."

"Waifai nake nufi."

"Wa?"

Mati rediyo gare shi mai ɗaurin roba. An canza lambar sirri dai, an sa wata doguwa wadda Mudassir ya rubuta a bangon ɗaki ya kuma yi kuskure a ciki. Rabin yini suna neman harafin da ya ɓata. Wayar tana kan kanta tana zafi, ba abin da ke tafiya.

Alhamis, 14 ga Agusta, safe

Goma sha shida.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

An yi ruwa tun asuba, sola bai ɗauki komai ba, inbata ta yi ƙara ta mutu da hantsi. Na goma sha bakwai ya koma farko karo na huɗu. Na haddace sunansa kamar ɗan da na haifa.

Gero ya fi mutum tsawo yanzu, ta taga ba ka ganin komai sai kore. Da can nakan zauna nan in karanta, sandunan waifai huɗu cif, lokacin da rautar take rataye a ƙusa a tagarmu. Yanzu sanda ɗaya ce, tana zuwa tana tafiya. Na faɗa wa Mudassir. Ya ce hadari ne, Kamilu ya ce hadari yana danne shi. Bara ba a yi damina ba ke nan.

Asabar, 16 ga Agusta, yamma

Matan karatu uku sun zo dubiya. Hajiya Sauda, wadda ta fi kowa tambaya a darasi, ta riƙe hannuna ta ce, "Tahira, an ce ke kika ɗauke mana. Ki ɗan sa mana ko ɗaya, mu ji." Na ce an hana taɓawa, wai kar a katse turawa. Ta dubi ɗakin Baba. Sun bar ƙwai da zuma.

An hana ni taɓa wayata. A ɗakina. Ina shafa mai kusa da ita kamar baƙuwa.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Kamilu karo na uku. Yau ya gano rautar tana da layi biyu, na biyun mai lamba biyar, wai ya ninka na farko gudu. Ya yi bayani da hannu biyu, Yaya yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa nahawu. Aka koma mai lamba biyar. Sanda ɗayar ma ta ɓace. Wayar ba ta ganin komai sam.

"Wayar ce tsohuwa," in ji shi. "Kuma an cika ta da tarkace. Waɗannan nobel ɗin suna cin ƙarfinta."

Littattafaina duka ba su kai nauyin zama biyar na Baba ba, ni na san abin da na zuba. Amma Yaya ya ce, "Ka ji ko," yana kallon Mudassir, Mudassir yana kallon tabarma.

An dawo layin farko. Yini guda ya tafi. Kamilu ya ci shinkafa da wake.

Talata, 19 ga Agusta, safe

Sati uku yau da kwanciyar Baba. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Na sani yanzu.

Mudassir ne ya faɗa da bakinsa, yana yabon wansa. Muna cin abinci ya ce, "Kin san Yaya akwai ladabi. Cewa ya yi abin da zai ɗauki ayoyin Allah ba a barin sa a fili ƙura na hawa. Ya naɗe na'urar da rautar a farin ƙyalle, ya sa su cikin adakar Baba tare da gafakar. Har huda ya sa aka yi a baya don wayar wuta."

"Adakar ƙarfen nan?"

"Ita."

"A rufe?"

"Da kwaɗo ma."

Na ajiye cokali. Lokacin ina amarya, idan ina so in yi barcin rana ƙawaye su ƙyale ni, nakan jefa wayar cikin kwalla in rufe murfi. Duk wanda ya kira sai a ce masa ba a samu na. Kowace mace mai jere ta san wannan.

Na ce, "Malam, a buɗe murfin. A kai wayar kusa. Ƙarfe ba ya barin abin ya fita."

Ya yi murmushin nan nasa. "A littafi kika karanta?"

"A kwalla na gani."

"Tahira, Kamilu sana'arsa ce."

"Kamilu bai san tana cikin adaka ba. Bai tambaya ba, ba ku faɗa ba."

Ya daɗe yana juya miya. Na ga ya gane, ai ba jahili ba ne, physics ya koyar shekara biyu kafin ya dawo gida. Ya ce zai yi wa Yaya magana in ya ga fuska.

Alhamis, 21 ga Agusta, azahar

Bai ga fuska ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, yamma

Bai ga fuska ba. Ya je, ya zauna, suka yi zancen takin zamani, ya dawo. Ya ce in fahimta, Yaya yana cikin wani hali, adakar nan ita ce abin da yake jin ya yi wa Baba, in aka ce masa ita ce matsalar kamar an ce ladabinsa ne ya jawo. Kuma a ce daga bakin wa aka ji.

Daga bakin wa. To.

Ina son mutumin nan. Yana da kyawun hannu, yana cire min ƙaya a kifi ba tare da na roƙa ba. Amma yau na kalle shi yana alwala na ji kamar in ɗauke butar.

Wayar ta mutu sau biyu da kanta. Gilashin ya rabu da jikinta, ana ganin haske ta gefe. Mudassir ya ɗaure ta da robar gashina. Talatin da ɗaya.

Asabar, 23 ga Agusta, hantsi

Kamilu ya yanke hukunci ta waya: rautar ce ta gaji, a sayi sabuwa. Gobe kasuwar Ɗanbatta, Yaya da Mudassir za su same shi can. Sabuwa mai ƙaho huɗu. Za su naɗe ta a ƙyalle su kulle.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Rubutun yau zai yi muni.

Suna fita na sami Inna tana tsince wake a ƙofar ɗakin Baba. Makullan Baba, na ɗakin littattafai da na adakar, suna ɗaure a bakin zaninta tun ranar da ya kwanta, kowa ya manta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har kwallar.

Ta ce, "Kwalla kam gaskiya ne. Ni rediyo na taɓa sa wa."

"Inna, wayar ba za ta kai Laraba ba."

Ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, "Abdulƙadir ya cika tsanani, tun yana yaro. Amma abin da ya faɗa game da ɗakin, ubansa ma da haka zai ce. Shekara arba'in da biyu ban taɓa shiga da takalmi ba. Waɗannan labaran naki suna ciki?"

"Suna ciki."

"To, 'yar nan."

Na miƙe. Na je na ɗauko wayar, da cajar da kwalbar man. Na zauna gabanta na zaɓe su duka. Ɗari uku da ashirin da shida. Wasu tun ina aji uku na sakandare nake bin su daga waya zuwa waya, wasu marubutan sun daina, zaurukan waya da aka raba su a ciki sun watse, ba inda zan sake samu. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ita kaɗai ce ta tambayi ra'ayina a watan nan.

Na nuna wa Inna wurin fayau. Ba ta iya boko ba, amma ta duba sosai. Ta ce in yi alwala.

Ɗakin littattafan yana warin tawada da tsohuwar fata. Ta buɗe kwaɗon da bisimilla. Zafi ya bugo mu kamar an buɗe tukunya, ƙyallen har ya yi ɗumi, ƙahonnin rautar a kwance an lanƙwashe su don murfi ya rufu. Na warware, na miƙe su tsaye, na jona wayar a soket ɗin bango na ajiye ta a kan tabarma, taku ɗaya tsakani.

Sanduna huɗu.

Talatin da biyu. Talatin da uku. Kafin in gyara zama arba'in. Na riƙe kebul ɗin da yatsa don kar ya motsa, ban yarda da kwalbar ba. Inna ta ce in riƙa faɗa mata, ina faɗa tana jan carbi. A ɗari da sittin wayar ta yi zafin da na ji a farce, fuskar ta dushe, na ce shi ke nan. Inna ta cire mayafi tana yi mata fifita kamar jariri. Ta dawo.

Minti hamsin da biyu. Ɗari biyu da goma sha huɗu.

Inna ta ce a mayar da komai yadda aka same shi. Na kwantar da ƙahonnin, na naɗe, ta kulle. Ta leƙa ɗakin Baba ta ce, "Malam, an gama." Ban shiga ba.

Lahadi, kafin magariba

Sun dawo da kwali. Mudassir ya shiga ɗaki ya fito da gudu ba hula. Kamilu ya karɓi wayar ya duba, ya cire baƙin gilashinsa, ya ce dama ya san saitin da ya yi ranar Litinin sai ya ɗauki kwanaki kafin ya zauna. Yaya ya ce albarkar adanawa ce, abin da aka girmama ba ya tozarta. Suka yi ta musabaha. Kamilu ya koma da mai ƙaho huɗun, ya tafi da zabuwa guda.

Mudassir ya dube ni sau ɗaya ta saman kafaɗar wansa. Na shiga kicin.

Litinin, 25 ga Agusta, safe

Wayar ba ta kunnu ba yau. Na sa ta a kwalla.

Talata, 26 ga Agusta, bayan la'asar

An ɗauko Baba a kujera zuwa zaure, an tara dattawa, an haɗa wayar Mudassir da lasifikar masallaci. Mu mata muna tsakar gida, har da Hajiya Sauda. Mudassir ya danna na farko.

Na manta. Wallahi na manta da yadda suke farawa.

Ƙarar ajiye waya, kukan kaza, sai muryar Baba, garau, har bayan gari: "Ke 'yar littafi, kin danna?"

Sai tawa: "Na danna, Baba."

"To madalla. Kar ki tafi duniyar masoya ki bar mu. Bisimillahi."

Sai wani sauti ya fito wanda ba daga lasifika ba. Inna ta dafe ƙirji. Sati huɗu ba mu ji komai daga bakinsa ba, ba kalma ba ce, amma duk wanda ya san shi ya san dariya ce.

Aka sa na biyu. Haka. Na goma, na hamsin, haka, wani wurin ma yana tambayata ko yarinyar labarin ta samu mijin. Karatun yana ɗan tsayawa yana ci gaba saboda adakar tana rufe, amma ana ji. Matan suna kuka suna dariya. Ni ina kallon turmi.

Laraba, 27 ga Agusta, yamma

Yaya ya ce muryar mace ba za ta riƙa fita a lasifika ba, a yanke farkon kowanne. Kamilu ya ce abu ne mai sauƙi: Mudassir ya jawo ɗaya a wayarsa, ya yanke, ya mayar, ya jawo na gaba. Ta waifai.

Mudassir ya zauna a zaure tun azahar. Ya shigo ɗazu idonsa ja, ya zauna bakin gado.

"Tahira, ke kin san abin da ya sa ya yi gudu ranar Lahadi?"

"Ai Kamilu ya ce saitinsa ne."

Ya yanke ɗaya. Saura ɗari biyu da goma sha uku. Na zuba masa tuwo.